Maraƙar da Baffa Ya Raɗa wa Suna

Ni ce ɗiyar fari, shi ya sa mahaifina, Baffa, bai taɓa kiran sunana ba. Kunyar Fulani ce. "Ke!" ko "Waccan!", shi ke nan.

Ina aji ɗaya a Mungadi Malama Martha ta ba ni wani littafi mai hoton maraƙa da ta ɓace wa garke. Ban iya karatu ba tukuna. Baffa kuwa, wallahi ko baƙi ɗaya na boko bai sani ba, amma sai ya ɗora littafin a gwiwa, yana bin hotuna da yatsa, yana zubo labari. A bakinsa sunan maraƙar Altine, sunana ke nan. "Altine ta yi nisa. Makiyayi ya kira, Altine! Altine!" Kullum tana dawowa. Ni sakarai, na ɗauka dacewa ce. Kafin in iya haɗa baƙi, gara ta cinye littafin.

Bara tsufa ya taɓa masa tunani. In na zo daga Aliero inda nake koyarwa, sai ya gyara zama ya gaishe ni kamar baƙuwa. Abin yana ci mini rai. Da na ga irin littafin wajen mai tsoffin littattafai a kasuwar Jega, na saye, ko zai sa ya gane ni.

Da hantsi na zauna gabansa na fara karantawa. Kai, ashe marubucin ba shi da imani! Maraƙar ko suna ba ta da shi, kuma babu wanda ya kira ta. A shafin ƙarshe, wanda Baffa kan rufe da tafinsa, kura ta cinye ta, wai sakamakon rashin jin magana.

Ina cikin karantawa, Baffa ya miƙo hannu ya rufe shafin.

"Malama, ba ki iya ba," ya ce. "Altine sunanta. Kuma ta dawo."

"Baffa, ai ni ce Altine. Dube ni."

Ya dube ni sosai, ya yi murmushi irin na ladabi.

"Sunanku guda? Madalla. Tawa ƙarama ce, ta tafi makaranta. In kin gan ta, ki ce ina ta kira."