Ɗan da Huseina Ta Kawo

A Tungar Maje, wani ƙauye da ke bayan Kambaza a ƙasar Gwandu, akwai wata dattijuwa mai suna Huseina. Mijinta ya rasu ya bar mata ɗa guda, Anas, da wata rediyo da ba ta magana sai an ɗora ta a kan tulu. Daga kan tulun nan take jin labarin ƙasashen da ake tare samari a titi a kai su yaƙi, takan ce Allah ya kyauta, ta ci gaba da tankaɗe.

Sai ga abin ya zo har ƙofarta. An sace shanun noma a garin, kuma ko da yake babu wanda ya ga inda suka bi, bakin kowa ya tafi kan rugar Arɗo Jibrin da ke hayin fadama. Lawali mahauci, wanda ya sayi baƙar riga ya koma Kwamanda, ya sa aka yi shela: kowane gida ya kawo namiji ɗaya gindin tsamiya ranar Laraba bayan la'asar, a yi masa wankan maganin bindiga, a tafi ruga. Gidan da ya ƙi, ya kwashe kayansa ya bar gari.

Tun daga ranar Huseina ba ta ƙara zama wuri ɗaya ba. Ta share tsakar gida, ta sake sharewa. Ta ɗora tukunya ta manta ba ta hura wuta ba. Anas kuwa sai wasa adda yake yi a kan dutse, ba ya kallonta.

"Inna, ki daina zagaye ni kamar kaza," in ji shi. "Kowa zai tafi. Ni kaɗai zan zauna cikin mata?"

"Wa ka sani a rugar da ya ci maka wani abu?"

Ƙarar addar ce ta ƙaru.

Ranar Laraba da sassafe ta yafa mayafi ta hau mota. A Birnin Kebbi ta sake wata zuwa Kalgo, tana ta taɓa kafaɗar direba wai ya ƙara wuta, har ya tambaye ta ko haihuwa za ta karɓa. A ƙofar jami'a ta bi 'yan kabu-kabu masu haya da babur ɗaya bayan ɗaya tana leƙa fuskokinsu, har ta kai kan wani dogo siriri mai wushirya.

Rilwanu ke nan, jikan Arɗo Jibrin. Uwarsa ta rasu yana jariri, aka ɗauko shi daga ruga a cikin ƙwarya babba aka kawo wa Huseina, lokacin tana goyon Anas. Ta raba musu nono, dama na Rilwanu, hagu na Anas, har suka yi ƙafa.

Ya sauka daga babur ya durƙusa. "Inna, lafiya? Mi ya kawo ki nan?"

"Kai ka kawo ni, mai cizo. Tashi mu tafi gida."

A gefen hanya ta faɗa masa komai, ba ta rage ba. Ya daɗe yana murza makullin babur a hannu.

"Inna, in na shiga garin nan yau, kina ganin zan fito?"

"Ban sani ba," in ji ta. "In ka ce ba ka zuwa, ba zan riƙe ka a rai ba."

Ya share mata wurin zama da hularsa.

Suna tafe iska na kaɗa mayafinta, ta matso kunnensa ta gaya masa abin da ta daɗe tana saƙawa a gaban tulu. Da matan duniya za su riƙa musayar jarirai, na gabas a shayar da su yamma, na yamma a gabas, da yaƙi ya ƙare, don babu wanda zai san ko ɗan'uwansa yake harbi.

"To Inna, in kowa ya zama ɗan'uwan kowa ta nono, wa zai auri wa?"

"Kalli gabanka. Ban kai nan a tunanin ba tukuna."

Sun iso bayan an sallame la'asar. Gindin tsamiya ya cika, samari a jere, babu riga, ga randar magani baƙi ƙirin, ga babura a layi. Anas na cikinsu. Da aka gane wanda ya goyo ta, surutu ya mutu. Wani ya gyara riƙon sanda.

Huseina ta kama hannun Rilwanu ta ja shi har gaban Lawali.

"Kwamanda, kun ce kowane gida ɗa guda. Ga nawa. Shi ya riga kama nono da safe, shi ne babba."

"Huseina, ba wasa muke ba. Wanga ai ɗan ruga ne."

Ta juya wajen liman, Malam Sirajuddeen, wanda ke zaune a gefe yana jan carbi. "Malam, in da ina da 'ya mace, wanga zai aure ta?"

"Haramun ne," in ji liman. "Ɗanki ne. Ɗan'uwan Anas ne kuma, har gaban Allah."

"To ku yi masa wankan. In kuwa ba ku son shi, ba ku da hujjar ɗaukar ƙanensa ya je ya ƙone masa kaka."

Rilwanu ya fara cire riga a hankali. Lawali ya dubi randa, ya dubi ƙirjin yaron, ya dubi samarin da suka sunkuyar da kai. Wanka ga jikan Arɗo ba zai yiwu ba. Taɓa shi a gaban liman, bayan wannan magana, shi ma ba zai yiwu ba.

Daga bayan darni wata murya ta taso, ta Jummai mai ƙuli-ƙuli. "Rilwanu, Salamatu da ta shayar mini da Mubarak shekarar da na yi ciwon nono, tana nan rugar?"

"Tana nan, Gwaggo. Idonta ne ya yi rauni."

Mubarak, da ke tsaye kusa da randa, ya waiwayi uwarsa.

"Gidan Huseina ba mu so," in ji Lawali. "Kwashe 'ya'yanki ki ba mu wuri. Saura kuma, kowa ya jira sai na neme shi."

Anas ya ɗauki rigarsa ya wuce gaba. A gida Huseina ta zuba masa tuwo a kwano ɗaya da Rilwanu. Anas ya daɗe yana kallon bango kafin ya sa hannu, sannan ya tura wa Rilwanu gefen da miya ta fi yawa.

Huseina ba ta ci ba. Ta tsaya a bakin zaure da tsintsiya a hannu, duk babur ɗin da ya tashi a garin sai ta kasa kunne ta ji ko fadama ya nufa.