Yaya a Kan Katanga

Gasar ta wasa ce. A guruf ɗinsu na waya na masu haɗa hoto, shugaban guruf yakan haɗa mutane biyu-biyu, kowa ya karɓi hoton abokin karawarsa ya juya shi yadda zai ba da dariya, sannan a jefa ƙuri'a. Wanda ya faɗi ya fita, sili-ɗaya-ƙwale. Babu kyauta, sai tsiyar da ake yi wa wanda aka kayar.

Auta, wadda ke aiki a shagon buga kati da fosta, ta kai zagayen kusa da na ƙarshe, sai aka haɗa ta da yayanta, bakaniken babur da kowa ke kira Sifana. Ita ce ma ta koya masa haɗa hoto.

"Yau ɗalibi zai kayar da malama," in ji shi da safe, yana ɗaure takalmi.

"Yaya, ka dai tafi da hankici."

Shi ya dasa kanta a wuyan jimina, aka yi dariya. Ita kuwa a makon an fasa shagon mai aski na bakin layinsu an ɗauke janareta, kuma nan ta samo dabara. Ta ɗora Yaya a kan katanga, ƙafa ɗaya a waje, jan janareta a kafaɗa. Ta gyara inuwa, ta dusashe hoton kamar kyamarar tsaro ce ta ɗauka. Guruf ya ruɗe. Shi kansa Sifana ita ya zaɓa.

Har yau ba a san wanda ya fitar da hoton ba. Washegari da hantsi yana yawo a wayoyin unguwa, an rubuta a ƙasansa: ga ɓarawon.

Tana yankan kati matar mai kantin da ke kusa da garejin Yaya ta kira ta. "Auta, ki zo gareji! Za su kashe yayanki!"

Ta fita ba takalmi. Tun daga nesa ta ji ihun. Sun janyo shi daga ƙarƙashin rumfa sun kwantar da shi cikin baƙin mai. Mai aski na tsaye a kansa da sarƙar babur, yana tsula masa a gadon baya. Wani na dukansa da katakon benci, wani yana taka masa hannu da takalmi. Rabin mutanen ma ba ta san su ba. Bakin Yaya ya fashe, jini ya haɗu da mai ya rufe masa ido.

"Ina ka kai shi? Ina janaretana?"

"Wallahi haɗi ne," Sifana ke cewa, muryarsa na fita da ƙyar. "Wasa ne."

Aka sa ƙafa aka haure masa baki.

Auta ta kutsa tana ɗaga waya. "Ni na haɗa! Ga na asalin nan, a tsakar gidanmu aka ɗauka, buhun gawayi ne a kafaɗarsa! Ku duba mana!"

"Ƙanwarsa ce, bakinsu ɗaya!"

Wani ya buge wayar da sanda, ta tarwatse a ƙasa, yatsunta biyu suka lanƙwashe baya. Ba ta ji zafin ba sai daga baya. Ta hango wani ƙato yana mirgino tsohuwar taya, wani kuma yana zuƙo fetur daga tankin babur ɗin da Yaya ke gyarawa. Sai ta faɗa kan yayanta ta rungume kansa.

"To ku haɗa da ni!"

Sarƙar ta sauka a kafaɗarta. Ta sake sauka. Aka ja ta ta gashi, ta ƙi saki.

Mai walda na maƙwabta ne ya shigo tsakani, dattijo mai furfura, riƙe da guntun rodi. Ya shuri robar fetur ɗin ta kife cikin kwata.

"Duk wanda ya ƙara taɓa su, sai na fasa masa kai. Kai mai aski, shagonka akwai kyamara?"

Mai aski ya tsaya yana haki. "Babu."

"To uban wa ya ɗauki hoton?"

Waɗanda ke baya suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Kafin motar da mai walda ya tsayar ta ɗauke su, garejin ya koma ba kowa sai katako da takalma warin-wari.

A asibiti aka ce haƙarƙari uku sun karye, muƙamuƙi ya tsage, hannun dama kuma sai an sa ƙarfe. Mama ta zo, ta kalli ɗanta, ta juyo ta kalli Auta. Ba ta zage ta ba. Ta karɓi kofin ruwan da ke hannun Auta ta ce, "Matsa."

Ranar da aka ɗaure wa Sifana muƙamuƙi da wayar ƙarfe, mai aski ya zo da ledar lemo, yana sunkuyar da kai, wai an ga janaretan a hannun wani yaron shagonsa na da. Auta ba ta bari ya ƙarasa ba. Ta ɗauki filas ɗin ruwan zafi da hannunta mai lafiya ta maka masa a goshi. Filas ya fashe, mutumin ya durƙusa, jini na bin hancinsa, lemo na gangarawa ƙarƙashin gadaje. Ta sake ɗagawa. Ma'aikatan jinya biyu suka riƙe ta, tana fizga tana kuka.

Sifana ya bubbuga ƙarfen gado da hannun hagu har ta juyo. Ya girgiza mata kai.

Aka fitar da mai aski a ɗinke shi. Shugaban guruf ya aiko da gaisuwa ta wayar Mama, ya ce an soke gasar, an kuma rufe guruf ɗin. Auta ta ce a ce masa ta ji.

Sifana ya warke, amma hannun bai ƙara matse noti da ƙarfi ba. Ya sayar da kayan garejin ya koma sayar da man inji a wata unguwa mai nisa. Auta takan kai masa abinci duk ranar da ba ta da aiki. Yana karɓa, yana tsokanarta kamar da, amma idan babura suka taru a bakin shagon da yawa, sai ya miƙe ya koma ciki, ita ta tsaya ta sallame su.