Ranar Da Kawu Mamman Ya Zo Na Uku

Kowace shekara tseren keke daga Gusau zuwa Bungudu da dawowa da gardama yake ƙarewa. Bana Malam Zakari, shugaban tseren, ya kawo maganin abin: 'yar na'ura kamar kwalin ashana, a ɗaure ta a ƙafar keke ta gaba. Ka taka layin ƙarshe, ta aika sunanka da lokacinka cikin kwamfuta. Ukun farko za a kai gasar Kaduna. Ni da ko Tsafe ban taɓa wucewa ba, wata biyu ina mafarkin Kaduna.

A hanyar dawowa, daidai Furfuri, sarƙata ta tsinke. Ina tsugune sai ga Kawu Mamman, ƙanen Inna, wanda ya shiga tseren don kawai a ba shi riga. Shi bai ma kai Bungudu ba.

"Haliru, mi ya faru?"

"Sarƙa, Kawu."

"Hau nawa! In na wuce ka a nan, da wane ido zan kalli uwarka?"

Na haye na taka. Ni da wani ɗan tsere, Sabiru, muka shigo layi kafaɗa da kafaɗa, bayan mutum biyu.

Malam Zakari ya duba kwamfuta ya ɗaga lasifika. "Na uku, da rabin daƙiƙa: Mamman Labbo!"

Can sai ga Kawu an sauke shi daga bayan a-kori-kura, ya tura kekena ya tsallake layi. Na'ura ta yi ƙara: Haliru, na ƙarshe.

Dariya har da masu faɗuwa.

"Alhamdulillahi," in ji Kawu. "Yaushe motar Kaduna za ta tashi?"

Malam Zakari ya sosa ƙeya. "Sauya keke ba laifi ba ne. Amma na'ura keke ta sani, ba mutum ba. Wa zai shaida wanda ke kai?"

Na kalli Sabiru. In ya yi shiru, shi da ya zo na huɗu shi zai tafi Kaduna.

Ya tofar da ruwan bakinsa. "Malam, rubuta Haliru. Tun daga Furfuri ƙeyarsa nake kallo, har ta gundure ni."

Aka gyara suna. Kawu dai ya sa aka buga masa takardar sakamakon farko, ya liƙa a shagonsa. Duk wanda ya zo sayen sabulu sai ya karanta.