Goman Ƙarshe Ya Faɗo Cikin Maris

"Wannan shafin ba zan koyar da shi ba," in ji Murja, ta tura takardar ta koma gaban mudir, wato manaja.

Ustaz Abdulfattah ya ɗago kai daga wayarsa. Shi ke riƙe da otal ɗin, bene mai hawa goma sha huɗu, tafiyar minti biyar zuwa Masallacin Annabi, kuma bai saba a maido masa da takarda ba.

"Ustaza, misali ne kawai," ya ce da Larabcinsa mai laushi. "Kina koyar da kula da kashe kuɗi. Ga sashen wanki ya ci riyal dubu tamanin da huɗu a Maris ɗin bara, bana dubu ɗari da goma sha biyu. Ki haska musu, su ga yadda sakaci yake."

"Mai sashen tana cikin ajin."

"Ai shi ya sa."

"Ya mudir, bara goman ƙarshe na azumi a Afrilu ya faɗa. Bana azumin gaba ɗaya cikin Maris yake. Ko mai sayar da dabino a bakin titi ya san da haka."

Shi ma ya sani. Murja ta riga ta ga rahoton da zai aika wa masu otal: ƙaruwar kuɗin shiga ya rubuta ta a kan ƙoƙarinsa, ƙaruwar kuɗin wanki kuma a kan Hajiya Ƙaltume, da shawarar a rufe sashen a ba wani kamfani aikin. Layi ɗaya kawai ya rage masa, cewa ƙwararriyar da aka ɗauko ta tabbatar.

"Kwantiragin shekara yana kan teburina," ya ce. "Otal huɗu. Hannuna kawai yake jira."

"Ƙarfe goma ajina," in ji ta, ta ɗauki jakarta.

Ta shiga lif. Shekara biyu ta yi a ɗaki a unguwar Ranuna ta garin nan, da digiri na biyu a lissafin kuɗi daga Kano, tana tura takardun neman aiki ana amsa mata da shiru. Mijinta Musaddiq ya fita kantin magani da safe, ita kuwa ta zauna da ƙamus tana haddace sunayen abubuwan lissafi da Larabci har ta iya faɗarsu ba gargada. Da ƙyar wata cibiyar horarwa ta nema mata izinin aiki, ta turo ta nan gwajin mako shida. Ranar da ta fara, ta kira mahaifiyarta ta ce, "Umma, ki je ki yi fasfo. Bana za ki zo umara." Tun ranar Umma ta sayi takalmin tafiya, kullum tana zagaya unguwa don ƙafa ta saba.

Mutum goma sha shida ne a ajin, shugabannin sassa: kicin, tarbar baƙi, sito, gyare-gyare. Hajiya Ƙaltume na kujerar baya kamar kullum, da tabarau a ƙarshen hanci. A unguwar Harra ta garin nan aka haife ta, kakanta ne ya taho daga Damagaram a ƙafa. A makon farko da ta ji Murja na waya da Hausa, sai ta riƙo hannunta a bakin ƙofa ta ce, "Ke tamu ce? Masha Allah! Amma kin rame, ya binti, mijin nan ba ya ba ki abinci?" Tun daga ranar kowace Lahadi sai ta kawo wa Murja ƙullin masa a jakarta.

Murja ta rubuta lambobin biyu a allo. Mudir ya shigo ya tsaya jikin bango, ya harɗe hannu.

"Wa ya fi ɓarna, bara ko bana?" ta tambaya.

"Bana," in ji mai kula da sito, wasu suka gyaɗa kai. Hajiya Ƙaltume ta sunkuyar da kai tana kallon hannuwanta.

"Kuskure na farko ke nan, kuma a garin nan shi ya fi tsada. Kwamfutarku da watan Bature take lissafi, baƙinku kuwa da watan Musulunci suke zuwa. A kwatanta azumi da azumi, hajji da hajji. Na biyu, kada ku tambayi nawa aka kashe. Ku tambayi mutum nawa aka yi wa aiki da kuɗin." Ta juya ga mai tarbar baƙi. "Mutum nawa suka kwana a nan cikin Maris?"

Ya ce kwamfuta ɗakuna take ƙirgawa. A goman ƙarshe kuwa ɗakin mutum biyu ana ƙara masa gadaje har ya ɗauki biyar.

"To wa ke ƙirga gadajen?"

Sai aka ji ƙarar zif ɗin jaka daga baya.

"Ana andi," in ji Hajiya Ƙaltume da Larabci, sannan ta koma Hausa, don Murja kaɗai take faɗa wa. "Ina da shi, 'yata. Amma rubutun tsofaffi ne, kada su yi mini dariya."

Littafi ne mai baƙin bango, gefensa ya yi laushi don shan hannu. Kowane shafi da kwanan watan Musulunci a sama, a ƙasa adadin gadajen da aka canja wa zani. Shekara goma sha tara tana yin haka ba wanda ya sa ta. Murja ta sa mutum uku suka haɗa lambobin a wayoyinsu don kada a ce ita ta shirya. Bara dubu goma sha biyu. Bana dubu goma sha bakwai da ɗari biyar.

"Ku raba."

"Bara riyal bakwai kowane gado," in ji mai sito. Ya sake dannawa, ya matso da wayar kusa da ido. "Bana riyal shida da halala arba'in. Wallahi ragewa ta yi!"

Wani ya fara tafi. Wayoyi suka ɗagu ana ɗaukar hoton allon. Da Murja ta waiwaya, babu mudir a jikin bango.

Bayan azahar saƙon cibiyar ya shigo: otal ɗin ya gode, ya dakatar da kwas ɗin, ba zai ci gaba da batun kwantiragi ba. Tana tsaye a farfajiyar Harami, ƙarƙashin manyan laimomin nan, tana karanta shi karo na uku, sai ga Hajiya Ƙaltume da haki.

"Mudir ya janye rahoton! Mutum goma sha shida suna da hoto, ina zai kai ta? Mata tara ne a ƙarƙashina, ya binti, kowacce da bakunan da take ciyarwa." Ta duba fuskar Murja, ta duba wayar. "Ke fa? Ya kore ki?"

"Ya gode mini, Hajiya. Da Larabci mai kyau."

"Allah ya isa! To saura darasi uku. Mai sito ya ce sai kin ƙarasa musu, ko a falona ne. Alhamis bayan la'asar, a Harra. Ba mu da abin biyanki, sai shinkafa da shayi."

"Zan zo. Ki kawo littafin nan, da shi za mu yi karatun."

Tsohuwar ta rungume ta, ƙamshin sabulun wanki da turaren wuta ya cika mata hanci. Murja ta ji wani sanyi a ƙirjinta. Shekara biyu tana tambayar kanta ko karatun da ta yi zai taɓa amfanar wani a ƙasar nan, yau ta ga amsar a allo, da rubutun hannunta. Ta yi wa Allah godiya da ya sa ajin ya cika, ya kuma sa littafin na cikin jaka.

Ta samu gindin wani ginshiƙi ta zauna, ta kira Kano.

"Murjanatu! Yanzu nake shirin fita zagayena. Jiya har masallacin Juma'a na kai ban huta ba."

"Umma," ta ce, ta gyara zama. "An ce in faɗi ƙarya a kan wata baiwar Allah, na ƙi. Aikin ya tafi, kuɗin shekara ya tafi. Bana ba za ki zo ba."