Haƙora a Bokitin Taraktar Baba

Yaya ne ya kawo haƙoran tonon ƙasa, jere a jikin ƙarfe guda, ya ce in ɗaura su a bakin bokitin taraktar Baba. Shi dai ba ya taɓa sifana, sai ba da umarni.

Tun da ɓarin jikin Baba ya shanye bai leƙo gareji ba, amma yana jin ƙarar injin huda ya sa aka fito da shi a kujera.

"Kai auta, haka na koya maka? Ƙarfen ya zauna a leɓen bokiti tukuna, sannan ka huda gefe. Noti kuma, ɗaure nan kaɗan, can kaɗan."

Na yi yadda ya ce. Na manta rabon da in ga fuskarsa ta washe haka.

Bai san Yaya ya gama magana da masu buga bulo ba. Gobe da wannan taraktar za a share musu lambun mangwaron da Baba ya dasa da hannunsa.

Baba ya shafa haƙori ɗaya, ya yi dariya.

"Madalla. Wannan ko saiwar mangwaro ya samu sai ya tumɓuke ta."

Yaya ya ce, "Sosai ma kuwa, Baba."