Kira Zuwa Wurin Fasa Dutse

Saboda makullin sito kawai ta kira shi. Mijinta mai sa nakiya ne a wurin fasa dutse da ke bayan gari, kuma dokar aikinsu ce kowa ya bar wayarsa a ofis kafin ya sauka rami, don an ce waya na iya tayar da nakiyar da aka jona wa lantarki. Shi ya sa ba ta taɓa damuwa ba. Takan kira, wayar ta yi ta kuka a durowa har ta gaji, in ya tashi aiki ya neme ta. Amma mutumin da ke fita da takalmi wari da wari, ai wata rana zai manta waya a aljihu.

Sai ga shi ya ɗauka. Ta ji ya ce, "Ke, kashe, ina cikin ra..." Ƙara ta cika mata kunne, layin ya yanke.

Tana barandar bene, jiƙaƙƙen zane a kafaɗarta, ta hango farar ƙura ta tashi can bayan tuddai. Unguwar kuwa ko a jikinta, keken telan ƙasa na ta ɗinki. Sai daga baya ƙarar ta iso, tagogi suka girgiza, tantabaru suka watse. Tsoro ya kama ta.

Yayanta, malamin kimiyya a sakandare, ya fito daga falo da sukundireba a hannu, dama fanka ya zo gyara mata. Mutum ne da ko gaisuwa sai ya haɗa da bayani. Da ta gaya masa sau biyu ta ji ƙarar, ya ce sauti a iska tafiyar ƙasa yake yi, saƙon waya kuwa ya riga shi isowa.

"Yaya, ni ce na tayar da ita?"

Ya ce yatsanta bai taɓa komai a can ba. Ita ta danna, turken sadarwa ya kai saƙo, wayar aljihun mijin ta amsa, iyakar abin da aka sani ke nan. Da wuya ƙwarai hakan ya kunna nakiya. Wataƙila zafin rana ne, ko wani ya yi gaggawa. Don abu biyu sun faru tare, ba shi ke nuna ɗaya ne ya jawo ɗaya ba.

"To ka ce ba ni ba ce."

Ya dube ta, ya dubi ƙurar, ya ce ba zai iya ba.

Ta ɗago wayar za ta sake kira. Ai yana iya yiwuwa mijin jefar da tasa kawai ya yi ya ruga, muryarsa take so ta ji. Yayan ya riƙe mata hannu gam. Ya ce ramuka da yawa ake cusa wa nakiya a jere, ba lallai duka suka tashi ba. In mijin yana kwance kusa da wanda bai tashi ba, wayar na gefensa fa?

Ta ajiye ta a kan dakali a hankali, kamar mai ajiye ƙwai. Suka tsaya suna sauraro ko za su ji jiniyar motar asibiti.

Daga ɗakin ƙurya suka jiyo muryar surukarta, uwar mijin, wadda ƙarar ta tasa daga barcin hantsi.

"'Yar nan, wayarsa na shiga, amma bai ɗauka ba. Bari in sake gwadawa."