Mayafin Nuala

Tun ranar da aka binne Nuala, saniyarta Rua ta ƙi sakin nono. Ita kaɗai ce saniyar gidan yayana Fintan, da nononta ake haɗiye dankali safe da yamma. Shekara tara ba hannun da ya taɓa hantsarta sai na matarsa Nuala, to ina za ta yarda da wasu ƙartin yatsu masu warin taba?

Kwana uku hantsa na kumbura. Maƙwabci ya leƙo ya ce in ta kai mako a haka za ta ƙafe, sai dai mahauta.

"Yaya, yafa mayafin Nuala," na ce. "Ƙamshinta take nema."

"Ni? Da gemuna? Delia, kanki ɗaya kuwa?"

Ya dai yafa. Ƙaton mutum cikin baƙin mayafin ulu, ya duƙa kan 'yar kujerar tatsa. Rua ta shinshina shi, sai ga nono tsiri-tsiri cikin bokiti. Na yi dariya har da hawaye. Shi ma hawayen yake, amma ba dariya.

Haka suka yi wata biyu. Sai ni, uwar tsafta, na ga mayafin duk kashin shanu da hayaƙin murhu, na jefa shi cikin wankin Litinin. Sai da na shanya shi a kan shinge na gane ɓarnar da na yi. Fintan ya tsaya yana kallon ruwan da ke ɗiga daga gefensa.

"Kin wanke ta," ya ce. Da zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Washegari da safe, ana yayyafi, ya shiga ɗakin saniyar da bokiti, ba mayafi. Na bi bayansa, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Rua ko kallonsa ba ta yi ba. Ta juya kai wajen ƙofa, ta bi wani abu da ido a hankali, tun daga bakin ƙofar har zuwa kafaɗar Fintan, ta yi ɗan kukan nan da take yi wa mutum ɗaya tak a duniya. Ni kuwa ban ga kowa ba. Tun bai kai hannu ba nono ya fara ɗiga.

Fintan bai waiwaya ba. Ya matsa gefen kujerar, ya bar rabi.

"Delia," ya ce ƙasa-ƙasa, "fita ki ja mana ƙofa."